Idan an sallame ka daga aikin kula da kanti saboda kuskure: matakan da za ka bi

Mai kula da ma'aikatan kanti, wanda ake kira sufabaiza, yana tsaye ne a wuri mai santsi, domin manaja yana samansa, masu karɓar kuɗi da masu jera kaya da yaran sito suna ƙarƙashinsa, kuma duk giɓin da ya fito a lissafin yamma shi ake fara kira. Kurakuran da suke cin wannan aiki sanannu ne ga duk wanda ya taɓa yin sa. Akwai sa hannu a takardar karɓar kaya ba tare da an ƙirga katan-katan ba saboda direba yana gaggawa, akwai barin madara ko biskit a kan kanta har wa'adinsu ya wuce, akwai sakin kaya bisa alat na bogi kafin a ga kuɗin a asusun kanti, akwai kuma ba wa kashiya lambar sirrin soke ciniki don kada a riƙa kiran mutum kowane lokaci. Wanda ya fi su duka muni shi ne a ga giɓi a yi shiru da fatan za a cike shi gobe, domin a ranar da aka gano, shirun ne ake ɗauka a matsayin shaidar rashin gaskiya, ko da mutum bai taɓa ko kwabo ba.

A harkar saye da sayarwa, wanda aka sani da sakaci yana iya samun wani aiki cikin 'yan watanni, amma wanda sunansa ya fita da cin amana zai daɗe yana nema, saboda masu kantuna sun san juna kuma waya ɗaya ta ishe su su bincika tarihin mutum. Saboda haka babban aikinka tun daga ranar da aka kira ka ofis shi ne ka tabbatar cewa a rubuce da kuma a bakin mutane an kira kuskurenka kuskure, ba a kira shi sata ba.

Kada ka sa hannu a kowace takarda a cikin ruɗanin wannan rana kafin ka karanta ta daga farko zuwa ƙarshe. Ka duba da kyau ko wasiƙar ta ce an kawo ƙarshen yarjejeniyar aikinka ne, wato sallama, ko kuwa ta ce an kore ka bisa babban laifi. A tsarin shari'ar aiki ta Najeriya waɗannan biyun ba ɗaya ba ne. Sallama tana zuwa da wa'adin sanarwa ko albashin da zai maye gurbinsa, kuma ba ta ɗora wa mutum tabo, ita kuwa kora ana yin ta nan take, tana iya hana ka wasu haƙƙoƙin da yarjejeniya ta tanada, sannan ita ce ke bin mutum duk inda ya je. Idan abin da ya faru sakaci ne kawai, ka roƙi manaja cikin ladabi ya rubuta sallama, ko ya ba ka damar ajiye aiki da kanka. Kana iya cewa, "Yallaɓai, na amsa cewa sakacina ne ya jawo wannan asara, amma ban ci kuɗin kanti ba, ina roƙon a rubuta abin yadda yake." Masu kantuna da yawa suna amincewa da haka, domin su ma ba sa son jan magana. Idan kuma aka miƙo maka takardar da ke cewa ka amsa laifin sata ko ka yarda ka biya wani adadi da ba ka ga yadda aka lissafa shi ba, ka nemi a ba ka kwafi ka tafi da shi ka yi shawara, ko da za a ji haushinka.

Miƙa ragamar aiki shi ne mataki na gaba, kuma a nan ne mutane da yawa suke jefa kansu cikin sabuwar matsala saboda fushi ko kunya. Kada ka ajiye makullai a kan tebur ka fita. Ka nemi a ƙirga kayan sito da kuɗin da ke cikin akwati a gabanka da gaban wanda zai karɓe ka, a rubuta adadin da kwanan wata, ku duka biyu ku sa hannu, kai ma ka riƙe kwafi. Ka buƙaci a soke lambar sirrinka ta kwamfutar ciniki a ranar. Dalilin wannan a fili yake, duk abin da ya ɓace a makon da ya biyo bayan tafiyarka, wanda ba ya nan ake ɗora wa, kuma takardar nan ita kaɗai ce za ta yi magana a madadinka.

Daga nan sai ka zauna ka lissafa haƙƙoƙinka. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 11, ta tanadi mafi ƙarancin wa'adin sanarwa: kwana ɗaya ga wanda aikinsa bai wuce wata 3 ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 2 ga wanda ya yi shekara 2 amma bai kai 5 ba, sai wata ɗaya ga wanda ya yi shekara 5 ko fiye. Sai dai akwai wani abu da ya kamata sufabaiza ya sani, shi ne dokar ta cire masu aikin gudanarwa da ƙwararru daga cikin waɗanda take kira ma'aikata, don haka mai kanti yana iya cewa ba ta shafe ka ba. Wannan ya sa wasiƙar ɗaukarka aiki ta fi komai muhimmanci, domin abin da aka rubuta a cikinta game da sanarwa da hutu da kuɗin sallama shi kotu za ta fara dubawa. Albashin kwanakin da ka riga ka yi aiki kuwa haƙƙinka ne ko sallamarka aka yi ko korarka. Game da cire kuɗin asara daga albashi, sashe na 5 na dokar ya ce sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago ake cire kuɗin asarar da sakacin ma'aikaci ya jawo, kuma jimillar abin da za a cire a wata ɗaya kada ta wuce kashi ɗaya bisa uku na albashin watan. Kantuna da yawa ba sa bin wannan ƙa'ida, amma saninta yana ba ka ƙarfin zama a yi sulhu mai adalci.

Idan magana ta ƙi ƙarewa, ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharka yana sauraron irin wannan ƙorafi, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta ikon sauraron shari'o'in aiki ita kaɗai, tana da rassa a Kano da Kaduna da Abuja da wasu biranen. A ganina bai kamata mutum ya garzaya kotu kan albashin wata ɗaya ba matuƙar sulhu zai yiwu, saboda lokaci da kuɗin lauya za su cinye abin da ake nema, amma idan aka liƙa maka sata a rubuce alhali ba ka yi ba, wannan ya cancanci a tsaya a kansa. Haka kuma idan aka yi maka barazana da 'yan sanda, ka sani cewa Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓanin da ba laifi ba ne ko kan saɓa yarjejeniya kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Duk da haka, idan aka gayyace ka ka je, tare da lauya ko wani babba naka, domin gudu yana mayar da mai gaskiya mai laifi a idon jama'a.

Kada ka manta da mutumin da ya tsaya maka lokacin da aka ɗauke ka aiki. Ka je wurinsa da ƙafarka a ranar ko washegari, ka faɗa masa abin da ya faru kafin ya ji daga bakin mai kanti. Wanda ya ji daga gare ka yana iya shiga tsakani har ya sake tsaya maka a wani wuri, wanda kuwa ya ji a waje zai ɗauka ka ɓoye masa ne don akwai abin ɓoyewa.

Idan kantin da ka yi wa aiki yana cikin tsarin fansho, akwai kuɗinka da kora ba ta taɓawa. Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 15 ko fiye su shiga tsarin, inda ma'aikaci yake ba da aƙalla kashi 8 cikin 100, mai aiki kuma kashi 10, ana zubawa a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin. Ka je ofishin kamfanin fanshonka ka karɓi bayanin asusu, ka duba ko an zuba kowane wata, domin akwai masu cirewa daga albashi su ƙi turawa, kuma hukumar kula da fansho ta ƙasa, wato PenCom, ce ke karɓar ƙorafi a kan haka. Wanda bai kai shekara 50 ba, idan ya yi wata 4 bai sami wani aiki ba, yana da damar cire kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa. Cikin takardun da ake nema akwai wasiƙar sallama, wanda wannan ma wani dalili ne na ƙin yarda da sallamar baki.

Bayan takardu sun kammala, sai aikin da ya fi wuya, wato zama da kanka ka gano ainihin abin da ya kayar da kai. Cewa "an yi mini hassada" ko "rabona ne ya ƙare" yana sanyaya zuciya, kuma mai yiwuwa akwai gaskiya a ciki, amma ba zai hana abin maimaituwa ba. Ka ɗauki takarda ka rubuta kowace takardar tuhuma da aka taɓa ba ka da kowane gargaɗi na baki, ka duba abin da ya haɗa su. Sau da yawa za ka tarar matsala ɗaya ce take canza kama. Wani sufabaizan kunya ce take cin sa, ba ya iya tsayar da direban dila ya jira a ƙirga kaya, ba ya iya tsawata wa kashiyar da ta girme shi ko abokin da suka fara aiki tare kafin a ɗaga shi. Wani kuma ba ya rubutu, yana dogara da ƙwaƙwalwa a wurin da kaya iri dubu suke shiga suna fita. Wani an ɗora masa aikin mutum biyu ne bai taɓa faɗa wa manaja a rubuce cewa hannu bai isa ba, sai da abin ya lalace. Kowanne da maganinsa, kuma idan matsalar ta lissafi ce, watannin zaman gida lokaci ne mai kyau na koyon manhajar lissafi ta Excel da tsarin fitar da tsohon kaya kafin sabo da yadda ake daidaita cinikin na'urar POS da bayanin banki.

A gida, ka sanar da iyali da wuri, ku lissafa kuɗin haya da na makaranta da na cefane tare, ka kuma yi magana da masu adashi ko masu bin ka bashi kafin ranar biya ta zo. Ka guji rubuta ƙorafi a kan tsohon wurin aikinka a Facebook ko a zaurukan WhatsApp na ma'aikata, domin hoton rubutun zai isa hannun wanda kake neman aiki wurinsa tun kafin kai ka isa.

Wajen neman sabon aiki, kada ka taƙaita kanka ga manyan kantuna. Dilolin kayan masarufi a kasuwar Singa, da masu yadi a Kantin Kwari, da shagunan magani, da gidajen mai, da kamfanonin rarraba kaya duk suna bukatar mutumin da ya iya riƙe sito da lissafi, kuma dilolin da suke kawo muku kaya a tsohon kantinku sun san aikinka fiye da kowa, don haka da su ya kamata ka fara magana. Idan matsayin da aka samu ya gaza na sufabaiza, kamar mai kula da sito ko mai karɓar kuɗi, ban ga aibin karɓarsa ba, domin a kantuna wanda ya san aikin yana saurin hawa.

Za a tambaye ka dalilin barin aikinka na baya, saboda haka ka shirya amsar tun daga gida, gajeriya kuma ta gaskiya, mai faɗin kuskuren da abin da ka canza. Misali, kana iya cewa, "Ranka ya daɗe, na sa hannu a kan kaya ban ƙirga ba, aka sami giɓi, aka sallame ni. Ba a tuhume ni da ɗaukar komai ba, ga wasiƙar, ga kuma lambar tsohon manajana. Yanzu ba na sa hannu sai na ƙirga da kaina." Kafin ka ba da lambar tsohon manajan, ka kira shi ka nemi izininsa, ka kuma tambaye shi kai tsaye abin da zai faɗa idan aka tuntuɓe shi. Idan ka fahimci ba zai faɗi alheri ba, ka nemi akanta na kantin ko wani dila da ya daɗe yana hulɗa da kai ya zama mai ba da shaida a kanka, sannan ka tafi wurin ganawar da kwafin wasiƙar sallama da takardar miƙa ragamar aiki a cikin fayil ɗinka.