Yadda za ka bar kwastoma ya riƙa gyara shafinsa da kansa

Wannan na masu haɗa wa mutane shafin intanet ne, musamman a nan Legas da yawancin kwastomominmu 'yan kasuwa ne, ba ruwansu da kwamfuta. Alhaji mai yadi a Agege farashi kawai yake so ya canza in dala ta motsa, ba sai ya kira ka tsakar dare ba.

1. Tun farko ka gina shafin da WordPress, wato manhajar haɗa shafin intanet.

2. A cikin WordPress ka shiga wajen Users (masu amfani da shafin) ka buɗe masa akawun nasa daban, matsayin Editor. Don Allah kar ka ba shi Administrator (mai cikakken iko), shi Editor zai iya gyara rubutu ya sa hoto ya wallafa amma hannunsa ba zai kai kan fulogin (ƙananan manhajojin da ake ƙara wa shafin) ko tsarin shafin ba, kuma dama can nan ne mutane ke ɓarna.

3. Ka ajiye masa adireshin shiga a waya, sunan shafin ne sai /wp-admin a ƙarshe. Faswod mai ƙarfi, banda sunan uwargida.

4. Ku zauna tare, in Alhaji ba shi da lokaci a kawo yaron shago. Kar ka karɓi wayar, ka bari ya canza farashin shadda ɗaya da yatsansa ko zai ɗau minti 10. Sannan ka yi ɗan bidiyo ka tura masa ta WhatsApp, don zai manta.

5. Ya rage nauyin hoto kafin ya ɗora, data ta yi tsada.

6. In ya goge wani abu, ka nuna masa Revisions (inda WordPress ke ajiye rubutun baya) ya dawo da tsohon rubutun. Kai kuma ka saita bakof, wato ajiye kwafin shafin, duk sati.