Kod ɗin rangwame: kurakuran da na gaji da gani a Jidda

Makon jiya ƙanwar maigidana ta jero min kod goma sha ɗaya a WhatsApp, ta biyo su da saƙon murya: "Anti, ki yi sauri ki gwada kafin su mutu." Na gwada huɗu don kar ta ce na raina ta. Biyu sun ƙare tun watan azumi, ɗaya na wanda bai taɓa saye ba ne, na huɗun kuma na Dubai ne, ba ya aiki a Saudiyya. Haka yawancinmu ke yi, a yi ta tara kod kamar ana tara ƙwaryar fura, ba a san wanda ke da rai ba.

Shekarata goma sha shida a Jidda, kuma ni ce dangi ke ɗora wa sayayyar tsaraba duk wanda ya zo Umra. Abin da zan faɗa, aljihuna ne ya koya min.

Babban kuskuren shi ne ganin kashi cikin ɗari a mance da rufin da aka yi masa. Kusan kowane kod yana da iyaka, abin da Larabawa ke rubutawa "haddun aƙsa" da ƙananan haruffa can ƙasa. Wata shekara surukar yayata ta sauka Makka, ta ba ni jerin abayoyi da turaruka na riyal 900. Ina da kod na kashi 15. Na buga lissafi a kai, na ce, "Hajiya, za a rage 135, ki ba ni 765 kawai." Ta ƙirgo ta ba ni, har da sa albarka. Da na zo biya, abin da aka cire riyal 30 ne cif. Iyakar kod ɗin ke nan, ko da na sayi kayan dubu goma. Wace fuska zan kai wa dattijuwar da ta riga ta yi min addu'a in ce ta ciko? Na cika 105 daga kuɗin cefanen gidana, na yi shiru, makon nan kaza ba ta shiga tukunyata ba.

Tun daga ranar ba na faɗa wa kowa farashi sai na kai shafin biya, na liƙa kod, na ga jimilla da idona. In iyakar riyal 30 ce a kan kashi 15, to amfanin kod ɗin ya tsaya a sayayyar riyal 200, abin da ya haura kuwa farashinsa kike biya cikakke. Don haka nake raba kaya gida biyu ko uku, in saya da asusuna, babban ɗana ya saya da nasa, muddin kuɗin kawowa bai cinye ribar ba. Wasu na cewa wahala ce. Ni dai na fi son wahalar.

Ƙanin wannan kuskure shi ne cika kwando don a kai adadin da kod ke nema. Kina buƙatar kayan riyal 70, an ce sai kin kai 100 za a rage miki 15, sai ki ƙara mazubin roba da man gashin da ba ki da niyyarsa. Kin biya 85 a maimakon 70, kina ta murna kin ci riba. Ki buɗe kabad ɗin kicin ɗinki ki ƙirga mazuban da ke ciki, za ki ga inda rangwamenki ya tafi.

Akwai masu neman kod a Snapchat da TikTok kaɗai, wajen masu talla. Ba laifi, amma ku sani mai tallar tana da kamasho a kan kowace sayayya da aka yi da kod ɗinta, shi ya sa take rantsuwa nata ya fi na kowa. Sau da yawa kod goma masu suna daban ragi ɗaya suke bayarwa. Ni nakan fara duba cikin manhajar kantin kanta, sannan in leƙa Almowafir, shafin da ke tattara kod ɗin rangwame, in gwada biyu ko uku, in tsaya.

Yanzu ga wanda har yau in na tuna raina ke ɓaci. Dab da bikin ranar ƙasa, 23 ga Satumba, lokacin da kowane shago ke shelar ragi, aka turo wani mahaɗi a zauren matan unguwarmu: wai wani babban kanti na raba takardar sayayya ta riyal 500 kyauta. Tambari iri ɗaya, launi iri ɗaya. Aka ce in amsa tambaya uku, in tura wa mutum goma, sannan in biya riyal 2 kuɗin tabbatarwa. Riyal biyu fa! Na sa lambar katina na mada, wato katin banki na Saudiyya. Saƙo ya shigo daga banki da lambar sirri, ban ko karanta abin da ke sama da lambar ba, na kwafa na zuba. Saƙon da ya biyo baya ya ce an cire riyal 1,200. Garin neman gira na rasa ido. Abin da ya fi ƙona min rai, na riga na tura wa mata goma, har da matar da ke min kitso. Da daddare na bi su ɗaya bayan ɗaya ina kira, "Don Allah kar ki taɓa abin nan," muryata na rawa.

Ku ji ni da kyau, musamman ku 'yan mata masu saurin yatsa. Kod na gaskiya 'yan haruffa ne da ake liƙawa a shafin biya. Ba ya neman lambar kati, ba ya neman lambar iƙama (katin izinin zama), ba ruwansa da Absher (manhajar hidimomin gwamnati), ba ya cewa a tura wa mutum goma. Saƙon banki kuma yana faɗin adadin kuɗin da za a cire, a karanta shi kafin a kwafi komai. Ni yanzu kati daban na ware wa sayayyar intanet, ba na barin abin da ya wuce riyal 300 a ciki. Maigidana na min dariya, ya ce na mayar da kati asusun yara. Ya yi ta yi.

Sauran ƙanana ne. Mutum ya yi shekaru yana biyan kuɗin layin STC bai taɓa duba makin ladan da kamfanin ke tara masa, wato Qitaf, ba, ko na Neqaty in Mobily ce, alhali makin na da wa'adi. A kantin magani na Nahdi akwai irin wannan tsarin mai suna Nuhdeek, a babban kantin Othaim akwai Iktissab, lambar waya kawai za ka faɗa wa mai karɓar kuɗi, amma kunya ta hana wasu. Ana sayen shinkafa da mai ranar Talata, alhali yawancin manyan kantuna irin su Panda da Danube ranar Laraba suke fitar da sabon ragin mako. A duba takardunsu a manhajar D4D kafin a fita. Raba biya da manhajar Tabby ko Tamara ba ragi ba ne, bashi ne da aka yanka gida huɗu.

Sai Farar Juma'a, babban ragin ƙarshen Nuwamba, wadda kantin intanet na Souq ya fara a 2014 kafin ya koma Amazon, kantin noon kuma ke kiran tasa Rawayar Juma'a. Kuskuren shi ne yarda da tsohon farashin da aka ja wa layi ba tare da an san nawa kayan yake a da ba. Tun watan Oktoba nake ɗaukar hoton farashin abin da nake so in ajiye a waya. Doka ta ce sai shago ya karɓi lasisi daga ma'aikatar kasuwanci kafin ya yi shelar ragi, kuma in aka ga ha'inci ana kiran 1900. Harajin kaya ma kashi 15 ne tun Yulin 2020, don haka kod na kashi 5 ba abin tashi tsakar dare ba ne.

Ƙanwar maigidan nawa kuwa, na tambaye ta me take son saya da kod ɗin nan goma sha ɗaya. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Wallahi Anti ban riga na yanke ba." Na ce ta je ta rubuto abin da gidanta ke buƙata a takarda, ta kawo min ranar Laraba bayan la'asar mu duba tare.