Yadda Za Ka Hana Wayarka Cika da Tarkace da Shanye Maka Data

Ranar da na fi jin haushin wayata ita ce ranar da na ɗaga ta zan ɗauki hoton wata takarda da ake jira in aika da gaggawa, sai ta ce mini babu sauran wuri. Na zauna ina goge hotunan iyalina ɗaya bayan ɗaya, ina ɗora laifin a kan tsufan wayar, har sai da na leƙa ma'ajiyarta na tarar da abin da ya cika ta: tarin bidiyoyin jawaban siyasa da na barkwanci da suka shigo ta zaurukan WhatsApp, waɗanda ko sau ɗaya ban buɗe ba. Daga ranar na gane cewa yawancin ɓacin ran da waya ke jawowa yana fitowa ne daga saitin da ta zo da shi, wanda ke barin ƙofa a wangale, kowa ya zuba abin da ya ga dama.

Saboda haka aikin farko shi ne rufe wannan ƙofa. Ka shiga saitunan WhatsApp, ka nemi sashen ma'ajiya da data, za ka ga wurin da ake zaɓar abin da zai sauka da kansa a yanayi uku: lokacin da kake amfani da datar layinka, lokacin da kake kan Wi-Fi, da lokacin da layinka ke aiki a wata ƙasa. Ka cire alamar da ke kan hotuna da bidiyo da sauti da takardu a duka ukun. Abin da aka turo zai tsaya na wani lokaci yana jiranka ka taɓa shi da kanka, kuma saƙon murya zai ci gaba da sauka kamar yadda ya saba. Akwai wani saiti dabam da ke hana hotunan WhatsApp bayyana a cikin kundin hotunan waya, amma a wayar Android ɓoye su kawai yake yi, suna nan suna cin wuri.

Bayan an rufe ƙofa sai shara. A wannan sashen dai akwai wurin kula da ma'ajiya, wanda kamfanin ya inganta a shekarar 2020, inda ake ware maka fayilolin da suka haura megabait 5 da kuma waɗanda aka yi ta turawa hannu da hannu, sannan a jera maka hirarraki daga wadda ta fi cin wuri zuwa ƙasa. Ka fara da zaure biyu ko uku na sama, domin a nan ne galibin nauyin yake, kuma goge bidiyo goma ya fi goge ƙananan hotuna ɗari amfani.

A nan ne ake buƙatar natsuwa. Idan ka shiga bayanan kowace manhaja a saitunan Android, za ka ga maɓallai biyu a kusa da juna. Ɗaya yana share tarkacen wucin gadi da manhajar ta tara don ta riƙa buɗewa da sauri, wanda ake kira kash, kuma goge shi ba ya cutarwa. Ɗayan kuwa yana share bayanan manhajar gaba ɗaya, ya mayar da ita kamar yau aka sauke ta. Wanda ya danna na biyun a kan WhatsApp ba tare da ya ajiye kwafin hirarrakinsa ba, zai iya wayar gari babu saƙonnin shekara da shekaru. Don haka kafin ka taɓa komai, ka tabbatar ka yi ajiya a Google Drive, ko a iCloud idan iPhone gare ka. Sai dai ka sani cewa Google gigabait 15 yake bayarwa kyauta, kuma Gmail da Drive da hotunanka duk a ciki suke rabawa, sannan tun farkon 2024 ajiyar WhatsApp ma cikin wannan kason ake lissafa ta. Idan ya cika, wasiƙun imel za su daina shigo maka. Mafita mai sauƙi ita ce ka kashe zaɓin haɗa bidiyo a cikin ajiyar. Masu iPhone kuwa gigabait 5 kacal suke samu kyauta, don haka su ne suka fi buƙatar wannan taka tsantsan.

Batun data bai kai wannan tsawo ba. Kafin ka zargi kamfanin layinka da sata, ka duba sashen amfani da data a saitunan waya, inda aka rubuta abin da kowace manhaja ta sha. Sau da yawa ɓarawon yana cikin gida: Play Store da ke sabunta manhajoji da kansa, da Facebook da ke kunna bidiyo da zarar ka gifta ta kansa. Ka umarci na farkon ya jira Wi-Fi, ka hana na biyun kunna bidiyo sai ka taɓa, sannan ka kunna tsarin tsimin data da Android ya zo da shi tun 2016, wanda ke hana manhajoji jan data a bayan fage.

Saura hayaniya, wadda a ganina ta fi cikar ma'ajiya gajiyar da mutum. Ba dole ba ne ka fice daga zauren dangi ko na abokan aiki, abin da kan jawo ƙananan maganganu. Kana iya rufe masa baki na awa takwas, ko mako guda, ko har abada, ba tare da kowa ya sani ba. Ka kuma lura da saƙon da ke ɗauke da alamar kibiya biyu, wato wanda ya bi ta hannu biyar ko fiye kafin ya iso gare ka. A watan Afrilun 2020, lokacin da jita-jita kan cutar korona ta yi yawa, WhatsApp ya taƙaita tura irin wannan saƙo zuwa hira ɗaya a lokaci guda. Ni dai idan labarin wani abu da ya faru ya zo mini da wannan alama, nakan bar shi ba tare da na sauke ba, in buɗe shafin wata kafar labarai da na amince da ita in ga ko ta kawo shi. Idan ta kawo, na karanta a can da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba na data, idan kuma ba ta kawo ba, bidiyon yana nan a zauren da alamar saukewa a kansa, ga duk mai sha'awa.