Kurakuran da aka fi yi wajen karanta rahoton cinikin fina-finai da Sifaniyanci

Mai bibiyar kasuwar fina-finai a jaridun Sifaniya ko na Meziko zai fara cin karo da kalmar "taquilla". Asalinta tagar sayar da tikiti ce a ƙofar sinima, amma 'yan jarida suna nufin jimillar kuɗin da suka shigo ta wannan taga, shi ya sa fim ɗin da ya yi kasuwa ake kiransa "película taquillera".

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗaukar "recaudación" a matsayin riba, domin yana sa a yi wa fim shaidar nasarar da bai samu ba. Wannan kalma tana nufin duk abin da masu kallo suka biya, tun kafin a cire haraji, masu gidajen sinima su ɗauki kasonsu, kamfanin rarraba fim shi ma ya ɗauki nasa. Riba ita ce "beneficio" ko "ganancia". Fim yana iya tara abin da ya haura "presupuesto", wato kuɗin da aka kashe wajen shirya shi, amma masu shi su tashi da asara, tun da kuɗin talla galibi ba ya cikin wannan lissafi.

Sai batun lambobi, inda ake tafka kuskure babba. "Billón" ba biliyan ba ne, miliyan sau miliyan ne, wato tiriliyan. Biliyan ɗaya "mil millones" ake ce masa, don haka fim ɗin da ya tara dala biliyan 2 za a rubuta "2.000 millones de dólares". A Sifaniya ɗigo ne ke raba dubbai, waƙafi kuma ya raba ɓarin kuɗi, kamar 7,50 na yuro. A Meziko akasin haka ne, kuma alamar $ a can feso take nufi, sai idan an fayyace cewa dala ce.

Tikiti "entrada" ne a Sifaniya da Ajantina, "boleto" a Meziko. Kada a haɗa yawan kuɗi da yawan "espectadores", wato masu kallo. Hukumar ICAA mai kula da harkar fina-finai a Sifaniya tana fitar da alƙaluman biyu daban-daban, kuma ba lallai su tafi tare ba, saboda gidajen sinima da yawa suna rage farashi a "día del espectador", wato ranar mai kallo, wanda galibi ranar Laraba ce.