Yadda Ake Shirya Tafiya Taron Muhalli a Zanzibar Daga Bauchi ko Gombe

Tarurrukan bita kan muhalli da sauyin yanayi sun yawaita a tsibiran tekun Indiya, kuma ma'aikatan gandun daji, malaman jami'a da 'yan ƙungiyoyi daga Bauchi da Gombe suna samun gayyata. Mun ɗauki Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya a matsayin misali don ta fi kusa da mu a hanya da kuma addini, amma yawancin abin da za mu faɗa zai yi aiki a wasu tsibiran. Abu biyu ne ke ɓata irin wannan tafiya: takardun da ba a fara nema da wuri ba, da kuma shirin da mutumin tudu yake yi don zafi alhali laima da gishiri da ruwan teku ne ke jiransa.

Mataki na farko: tabbatar da taron

Kafin ka kashe ko sisi, ka bincika taron da kansa. Akwai 'yan damfara da ke aika takardar gayyata mai tambari, su yi alkawarin tikiti da masauki kyauta, sannan su ce ka tura kuɗin rajista ko na otal zuwa asusun wani mutum. Ka nemo adireshin ƙungiyar da kanka a intanet, ba wanda ke jikin wasiƙar ba, ka tambaye su ko taron nasu ne. Idan ya tabbata, ka nemi a rubuta maka dalla-dalla abin da za su biya. Za su sayi tikitin ne, ko kai za ka saya su mayar maka? Kuɗin motarka daga Gombe zuwa Kano ko Abuja yana ciki? Biza da inshora fa? Da yawa mayarwa suke yi bayan an gama taro, wani lokaci bayan makonni, don haka sai ka tanadi kuɗin da za ka fara ɗaukar nauyin kanka. Ma'aikacin gwamnati ya shigar da takardar neman izinin fita waje tun a wannan lokacin, domin fayil ba ya gudu a ofis.

Mataki na biyu: takardu, wata uku kafin tafiya

Fasfo sai ya kasance da sauran aƙalla wata 6 daga ranar da za ka shiga ƙasar, da shafuka biyu da ba a buga musu hatimi ba. Idan sabuntawa za ka yi, ka fara duba bayananka na NIN. Nan ne mutanenmu suka fi maƙalewa: Muhammad a takarda ɗaya, Mohammed a wata, ko sunan gari ya zama sunan mahaifi, ko ranar haihuwa ta bambanta. Hukumar shige da fice ba za ta buga fasfo ba sai bayanan sun yi daidai, gyaran kuma yana cin lokaci. Yadda sunanka yake a fasfo, harafi da harafi, haka za ka aika wa masu taron don su rubuta a takardar gayyata da tikiti.

Biza ce babbar magana. Nijeriya tana cikin ƙasashen da Tanzaniya ba ta ba wa 'yan ƙasarsu biza a filin jirgi. Ana cike takardar nema a shafin hukumar shige da ficensu, a haɗa hoton fasfo, takardar gayyata da bayanin masauki, sannan a jira amincewa daga hedikwata, kuma jiran yakan kai makonni masu yawa. Ka nema wata biyu kafin taron, kar ka kuskura ka sayi tikitin da ba a iya canza masa rana kafin amincewar ta fito. Ka faɗa wa masu taron wannan tun farko, don sau da yawa sun saba da baƙin da ke karɓar biza a bakin ƙofa, ba su san naka daban ba ne. Tun daga 1 ga Oktoba 2024 kuma Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshorar gwamnatinta, an fara da dala 44, ko da kana da wata inshorar. Ana biya ta intanet, ka buga takardar ka riƙe.

Sai katin allurar zazzaɓin shawara, wanda aka fi sani da yalo kad. Ana samunsa a ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa, irin na filayen jirgin Abuja da Kano, bayan an yi rajista an biya ta intanet. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, don haka wanda ya yi ta ana jibi tafiya ya yi aikin banza. Tun 2016, a dokar Hukumar Lafiya ta Duniya, katin allura ɗaya yana aiki har tsawon rai. Kar ka sayi kati ba tare da an yi maka allurar ba. Cutar tana nan a ƙasarmu, ta ɓarke a yankin Alkaleri a 2019, shi ya sa ake duba katin ɗan Nijeriya da kyau.

Kowace takarda ka buga kwafi biyu, ɗaya a jakar hannu, ɗaya a akwati, ka kuma ɗauki hotonsu a waya.

Mataki na uku: hanya

Daga filin jirgin Bauchi ko na Lawanti a Gombe, Abuja za ka fara zuwa, ko ka bi mota zuwa Kano. Jirgin Habasha yana tashi daga Abuja da Kano zuwa Adis Ababa, daga can a canza zuwa filin jirgin Abeid Amani Karume da ke Zanzibar. Shawararmu mai ƙarfi ita ce ka kwana a garin da za ka tashi. Jiragen cikin gida suna jinkiri, a lokacin hunturu ma hazo kan sa a soke tashi gaba ɗaya, kuma tun da tikitin ba a haɗe suke ba, in na farko ya makara babu mai biyanka na biyun. Ka isa filin jirgi awa uku kafin tashi. Ka isa tsibirin kwana ɗaya kafin a buɗe taro.

Agogonsu yana gaba da namu da awa biyu. Sannan masu jin Suwahili suna fara ƙirga awa daga fitowar rana, ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu, don haka in direba ya ba ka lokaci, ka sa ya nuna maka a fuskar waya. Wanda aka saukar a Darussalam, birni mafi girma a Tanzaniya, zai ƙarasa da jirgin ruwa na kusan awa biyu, kuma za a sake duba fasfo a tashar Zanzibar duk da ƙasa ɗaya ce.

Kar ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da dattijuwa ce ta roƙe ka.

Mataki na huɗu: kayan da za ka ɗauka

A nan ya kamata a tsaya sosai. Mutumin Bauchi ya san zafin Maris da Afrilu, sai ya ga an ce zafin Zanzibar bai cika wuce digiri 32 ba ya raina shi. Bambancin shi ne laima. A gida gumi yana bushewa nan take ya sanyaya jiki. A can iska cike take da ruwa, gumi ya tsaya a jikinka, riga ta manne, ka wanke kaya da dare ka tarar da su da danshi da safe. Shadda mai sitaci da babbar riga ka ɗauki saiti ɗaya kawai don ranar buɗe taro. Sauran su zama yadi mara nauyi, boyel ko auduga, masu sakin jiki, da riguna biyu masu dogon hannu na roba mai saurin bushewa don fita daji. Mata su zaɓi hijabi da mayafi marasa kauri, da wando mai faɗi a ƙarƙashin doguwar riga don ranar shiga ruwa, domin zani in ya jiƙe yana ɗaure ƙafa. Basilin da man kaɗanyar da suke cetonmu a hunturu, a can ƙuraje za su jawo. Hodar ƙurajen zafi ta fi su amfani. Ka duba watan taron: ruwan sama mai yawa yana sauka daga Maris zuwa Mayu, ƙarami kuma wajen Nuwamba da Disamba, sai a haɗa da rigar ruwa mara nauyi.

Takalmi uku: na taro, silifas, da takalmin roba mai rufe yatsu da diddige. Na ukun shi ne mafi muhimmanci, za mu zo kansa.

Kar ka naɗe komai a baƙar leda. Tanzaniya ta haramta ledar cefane tun 1 ga Yuni 2019, kuma abin kunya ne a ƙwace ta a hannun mai zuwa taron muhalli. Ka yi amfani da jakar yadi, da ƙananan ledoji masu zif don waya da takardu. Ka ɗauki gorar ruwa da za ka riƙa cikawa. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu, wutar ma ɗaya ce, ba ka buƙatar wani abu. Fawa banki a jakar hannu ake sa shi, ba a akwati ba. Mai ƙarfin 20,000 mAh (lambar da ke rubuce a jikinsa) yana wucewa lafiya, wanda ya haura 27,000 mAh yakan wuce iyakar da aka yarda. Turare da man shafawa a jakar hannu kada kwalba ta wuce mililita 100. Kaya kala ɗaya, magunguna, laftof da takardu duk su kasance tare da kai, saboda akwati yakan kwana a Adis Ababa.

Magani kuwa: farasitamol, gishirin zawo, maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30, man kare fata daga rana, da duk maganin da kake sha kullum a cikin kwalinsa tare da takardar likita. Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, gidan sauro ba ya tare shi. In zazzaɓi ya kama ka a can ko bayan ka dawo, ka je a gwada jini, ka faɗi inda ka je, ka kuma guji asfirin da ibufurofen kafin sakamako, don suna ƙara haɗarin zubar jini in dengi ne. Kilishi, ɗanyen goro, iri, dashe ko ƙasa, bar su a gida. Tsibirai suna tsaurara dokar shigo da su saboda ƙwaro ɗaya kan iya lalata amfanin gonarsu.

Kuɗi: kar ka dogara da katin naira sai bankinka ya tabbatar maka yana aiki a waje da kuma iyakarsa. Ka riƙe dala sababbi, marasa yagewa ko rubutu, domin masu canji sukan ƙi tsofaffin bugu. Ka canza zuwa shilin ɗin Tanzaniya a wurin canji mai lasisi. Layin waya ana yi masa rajista da fasfo.

Mataki na biyar: ranar fita filin aiki

Kusan kowane taron muhalli a can yana da ranar fita: dajin Jozani mai jan biri wanda babu irinsa sai a Zanzibar, ko itatuwan mangurof masu tsirowa cikin ruwan gishiri, ko gonakin ciyawar teku da mata ke nomawa a Paje da Jambiani. Teku tana cika tana janyewa sau biyu a kwana ɗaya, kuma lokacin yana matsawa da kusan minti 50 kowace rana. A gabashin tsibirin ruwan yakan janye nesa har ka ga fili kamar fadama, ka bi shi kana ɗaukar hoto, sai ya dawo ta kwaruruka ya yanke maka hanya ta baya. Ka tambayi jagora ƙarfe nawa ruwa zai juyo, ka fara komawa kafin lokacin.

A cikin wannan filin akwai bushiyar teku mai baƙar ƙaya doguwa da ke karyewa a cikin tafin ƙafa, da murjani mai kaifi, da saiwoyin mangurof da suka tsaya cirko-cirko a cikin laka. Silifas laka za ta cire maka shi a taku na uku. Amfanin takalmin roban ke nan. Kar ka taka murjani, rayayye ne kuma a hankali yake girma, kar kuma ka tsinto shi ko ƙwanson teku don tsaraba, ana ƙwacewa har da tara.

In za a shiga kwale-kwale, ka sa rigar kariya daga nutsewa, ka ɗaure igiyoyinta kafin a tashi. Wanda ya iya iyo a Dadin Kowa ko ruwan Wikki bai san igiyar teku ba, wanda bai iya ba kuma ya faɗa wa jagora ba kunya. Mai jin jiri a mota ya nemi maganin amai a kemis, ya sha kafin shiga yadda aka rubuta a kwalin, ya zauna a tsakiyar jirgi yana kallon nesa. Baƙar fata ma tana ƙonewa a kan ruwa, sai malafa da dogon hannu. Da an dawo ka ɗauraye takalmi da zif ɗin jaka da ruwan daɗi, ka goge waya da kyamara, gishiri yana cin ƙarfe.

Sallah da abinci ba matsala, mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, masallatai ko'ina. Sai dai alƙibla a can kusan arewa sak take, ba gabas ba kamar yadda ka saba.

Mataki na shida: abin da za ka gabatar

Kar ka je hannu rabbana don kana ganin ba mu da teku. Kwarurukan da zaizayar ƙasa ta haƙa a cikin garin Gombe, dashen itatuwan shirin Gombe Goes Green da aka fara a 2019, matsin kiwo da farauta a Yankari, sare itace don gawayi, duk darussa ne da masu fama da cin gaɓar teku da sare mangurof za su gane nan take. Ka ɗauki hotuna naka masu kwanan wata da sunan wuri, ka samo alƙaluma daga ma'aikata ko jami'a, ka tsara jawabi na minti goma da Turanci mai sauƙi. Ka ajiye shi a filash, a imel, da kuma a takarda.

Katin shiga jirgi na kowane zango da duk rasit ka adana su a ambulan ɗaya, har na motar Gombe zuwa Kano in an yarda za a biya, domin da su ne za a mayar maka da kuɗinka, kuma yawancin masu taro suna sa wa'adin aika su.