Idan mai robar mahaifa ta dawo da koke: yadda ake gano matsalar

Ko da me ta zo, fara da gwajin ciki. Ɗaukar ciki da robar mahaifa, wato abin tazarar haihuwa da ake sakawa cikin mahaifa, ba kasafai yake faruwa ba, amma in ya faru, dole sikanin ya nuna inda ya zauna, domin a irin wannan hali ba a sakin jiki sai an tabbatar ba a bututun ƙwai yake ba. Ciwon mara gefe ɗaya, ɗigon jini bayan ɓatan wata, jiri ko ciwon kafaɗa, wannan ba ta kwana a gida.

Sai ka tambayi ranar da aka sa. Cutar sanyin mahaifa ta fi kamawa cikin kwana 20 na farko: zazzaɓi, ruwa mai wari, da zabura idan ka motsa bakin mahaifa da yatsa. A fara maganin kashe ƙwayoyin cuta, robar tana ciki. Sai in ba sauƙi bayan awa 48 zuwa 72 ake maganar cirewa.

Zaren da ke jikin robar shi ne babban mai ba da labari. Ana yanke shi da saura kamar santimita 3. In ya ƙara tsawo, ko ka hango farin gindin robar a bakin mahaifa, ko maigida ya ce wani abu mai tauri yana sukarsa, ta sauko. Kada ka tura ta ciki, cire ta. Kusan mace ɗaya cikin 20 robarta tana faɗowa, galibi a watannin farko, sau da yawa tare da jinin al'ada ba ta sani ba.

In zaren ya ɓace, a hankali ka shara ramin bakin mahaifa da ɗan burushin gwaji, sau da yawa a nan ya nannaɗe. Bai fito ba, sikanin. Mahaifa ba komai, sai hoton eksire na ciki gaba ɗaya har ƙugu. Wannan matakin ne ake yawan tsallakewa, a ce ta faɗi alhali ta huda mahaifa. Hakan na faruwa kamar sau 1 cikin 1,000, ya fi yawa ga masu shayarwa, kuma jan ƙarfen da ke jikin robar yana sa hanji ya manne, don haka tiyata ce. Kafin a gama bincike, a ba ta wata hanyar tazarar haihuwa.

Yawan jini a wata 3 zuwa 6 na farko halin Copper T ne, wato robar mai jan ƙarfe, amma duba cikin idonta ka auna jininta, ko ya yi ƙasa.