Yadda Ake Gane Ainihin Shekarun Tsohon Gidan Opera Daga Jikin Gininsa

Kusan kowane tsohon gidan wasan kwaikwayo a Turai yana da shekarar da yake tinƙaho da ita. An rubuta ta a allon ƙofa, an buga ta a tikiti, mai zagayawa da baƙi ma da ita yake buɗe baki. Sai dai galibi shekarar ta sunan gidan ce, ba ta katako da filastar da ke gabanka ba. La Fenice na birnin Venis a Italiya an buɗe shi a 1792, ya ƙone a 1836, aka sake gina shi, ya sake ƙonewa ƙurmus a Janairun 1996. Zauren da ake zama a cikinsa yau sai a ƙarshen 2003 aka buɗe shi. Drury Lane na Landan kuwa gini na huɗu ne a fili ɗaya: 1663, 1674, 1794, sai na yanzu na 1812. Don haka kada ka shiga da tambayar "yaushe aka gina shi?" Raba ginin gida uku, ka nemi shekarar kowane kashi daban: fuskar ginin da zaurukan shiga, zauren 'yan kallo, sai dandamali da abin da ke samansa da ƙarƙashinsa.

Kayan aikin ba su da yawa. Tocila mai ƙarfi, tef na awo mai tsawon mita 30, ƙaramin madubi don leƙa bayan katako, ma'aunin daidaito irin na magina mai ɗigon ruwa a ciki, takunkumin hanci mai kyau, da takarda mai layin murabba'i don zane. Abin da ya fi waɗannan wuyar samu shi ne izini. Zagayen da ake kai masu yawon buɗe ido a kujeru da matakala yake tsayawa, alhali shaidar da kake nema tana ƙarƙashin dandamali da cikin rufi. Rubuta wa shugaban ma'aikatan dandamali tun da wuri, ka nemi ranar da babu wasa kuma babu gwaji.

Kafin ka taka ƙofar, fitar da jerin gobarar da gidan ya taɓa yi daga tsofaffin jaridun garin. Gobara ita ce ke yanka tarihin waɗannan gine-gine gunduwa-gunduwa. Taswirar kamfanonin inshora ma tana taimakawa: a Amurka taswirar Sanborn tana nuna ginin bulo da launin ja-ja, na katako da ruwan ɗorawa, sai ka ga da idonka shekarar da aka canza bango. Wani lokaci ginin ya tafi, suna kawai ya rage. Gidan opera (wasan kwaikwayon da ake rerawa cikin waƙa) na Alƙahira da aka buɗe a 1869, shekarar buɗe mashigin Suwez, yawancinsa katako ne, ya ƙone a Oktoban 1971. A filinsa yanzu benen ajiye motoci ne, amma dandalin har yau Dandalin Opera ake ce masa.

Fara daga bayan ginin, ba daga gaba ba. Tsaya a lungun baya ka ɗaga kai. In ka ga wani dogon soro marar taga ya tashi bisa dandamali, wurin da ake jan labulen zane, wanda ke nuna inda labarin wasa ke faruwa, sama ne ya ɓace wa 'yan kallo. Don labule ya ɓuya gaba ɗaya, tsayin soron daga daɓen dandamali sai ya ninka tsayin bakin dandamali sau biyu, an fi so ya kai biyu da rabi. Gidajen ƙarni na 18 ba su dogara da irin wannan tsayi ba, domin su gefe suke tura zanensu. Duba inda bulon soron ya haɗu da tsohon bango: in launi ko girman bulo ya canza, ko akwai layi miƙaƙƙe daga sama har ƙasa inda bulo bai sarƙe da ɗan'uwansa ba, ƙari ne aka yi daga baya. Na La Scala da ke Milan misali ne a fili. Gidan na 1778 ne, amma soron da duk injin dandamalinsa na gyaran 2002 zuwa 2004 ne.

Fuskar gaba ba ta buƙatar dogon nazari, illa ka san tana ruɗi ta fuska biyu. Wuta galibi daga dandamali take tashi, ta ci zaure, sau da yawa ta bar gaba a tsaye. A gidan opera na Viyana bam ɗin 1945 ya ci zaure da dandamali, amma gaba da babbar matakala na 1869 sun tsira, sabon zauren kuwa a 1955 aka buɗe shi. A tsohon gidan wasa na Bristol ta Ingila akasin haka ne: zauren shiga na 2018 ne, amma da ka wuce shi sai ka faɗa zauren kallo na 1766.

A cikin zaure, tsaya a tsakiyar dandamali ka fuskanci kujeru, ka zana siffar da kake gani. In matakala ce ta zama, mai lanƙwasa, babu ɗakuna, koyi ne da na Romawan dā, kamar Teatro Olimpico na Vicenza da aka buɗe a 1585. In ƙananan ɗakuna ne jere bisa jere kamar saƙar zuma, suna zagaye zauren cikin siffar takalmin doki, to tsarin Italiya ne da ya biyo bayan 1637, shekarar da San Cassiano na Venis ya fara buɗe opera ga duk mai kuɗin tikiti. Waɗannan ɗakuna ba ado ba ne, jari ne. Iyalan masu hali suna saye ko kama hayarsu, kuma da kuɗin masu ɗakuna aka gina La Scala. In kujerun sun bazu kamar mafici, kowa na fuskantar dandamali, makaɗa kuma sun nutse cikin rami, tasirin gidan da mai tsara kiɗan opera Wagner ya buɗe a Bayreuth ta Jamus ne a 1876. Sai ka ƙirga ginshiƙan da ke riƙe baranda. Siraran ginshiƙan ƙarfen zubi masu tare wa mutum gani alamar ƙarni na 19 ce. Baranda mai zurfi da ta miƙo babu abin da ya tokare ta daga ƙasa sai da aka samu ƙarfe mai jure lanƙwasa, kuma a Landan gidan da yanzu ake kira Palace, na 1891, yana cikin na farkon da aka yi wa haka.

A nan ne masu bincike da yawa ke tuntuɓe. Siffa tana gaya maka cewa zauren bai girmi shekara kaza ba, amma ba ta gaya maka yaushe aka kafa katakon, domin siffa ana kwaikwayonta. Sabon La Fenice da gangan aka mai da shi yadda yake a dā, har zanen silin. Teatro Farnese na Parma na 1618 ne, amma bam ya rusa shi a 1944, aka sake haɗa shi tsakanin 1956 da 1962. Katakon da ake gani tsirara a yau, na asalin fenti aka yi masa ya yi kama da marmara.

Maganin wannan shi ne ka leƙa inda ba a yi don ido ba. Shiga ɗaya daga ɗakunan kallo, ka durƙusa, ka haska ƙarƙashin katakon da ake jingina hannu da madubinka. Ƙusa kake nema. Wadda maƙeri ya ƙera tana da kusurwa huɗu, ta tsuke ta kowane gefe, kanta kuma da tabon guduma. Wadda inji ya yanko daga farantin ƙarfe ta gefe biyu kawai ta tsuke, ita ce ta mamaye yawancin ƙarni na 19. Mai zagayayyen jiki irin ta kasuwa a yau sai ƙarshen wancan ƙarni ta yaɗu. Haska tocila a karkace bisa katakon da ba a goge ba: sawun zarton hannu a karkace yake kuma bai daidaita ba, na injin zarto mai juyawa kuwa lanƙwasassu ne kamar baka. Ɗora tafin hannunka a ginshiƙin da ya yi kama da marmara. Dutse sanyi gare shi, katako ba shi da shi, in ka ƙwanƙwasa kuma sai ya amsa. Tsohon gidan opera na Bayreuth, ba na Wagner ba, wanda aka buɗe a 1748, cikinsa katako ne da yadin zane, kuma wannan ne ya sa hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi a jerin kayan tarihin duniya a 2012, domin da wuya irinsa ya tsira daga wuta. Launi ma kada ya ruɗe ka. Ja da ruwan zinare da ake ɗauka su ne launin opera tun fil azal, a San Carlo na Napoli shuɗi ne ya riga ja, sai a ƙarni na 19 aka koma ja. A Palais Garnier na Faris, wanda aka buɗe a 1875, zanen silin na 1964 ne, kuma na asalin yana nan a ɓoye a bayansa.

Haske da tsoron wuta sun bar tabon da ya fi kowanne saukin sa wa shekara. Kyandir da fitilar mai aka fara da su. Iskar gas ta shiga manyan gidajen Landan a 1817, lantarki kuma ya haska gidan wasa na Savoy gaba ɗaya a 1881. Nemi guntun bututu da aka toshe a bangon lungu, da babbar kafa a silin bisa babbar fitila, wadda aka yi don zafin gas ya fita. Sannan ka duba ƙofofi. A Disamban 1881 gobara ta kashe aƙalla mutum 384 a Ringtheater na Viyana: ƙofofin fita ciki suke buɗewa, jama'a suka danne su, labulen ƙarfen da ya kamata ya raba dandamali da zaure kuma ba a sauke shi ba. A Disamban 1903 kimanin mutum 600 suka mutu a Iroquois na Shikago, inda labulen kariya ya maƙale a hanya. Mutanen Kano sun san irin wannan rana, domin gobarar silimar El-Duniya ta 1951 ta ci rai sama da 300. Dokoki sun biyo bayan waɗannan bala'o'i, don haka ƙofa mai buɗewa waje da sandar turawa, matakalar ƙarfe da aka manna a waje, da murfin fitar hayaƙi bisa dandamali, in ka same su a tsohon gini, nemi sawun ƙari: tsohon ramin ƙyaure a ɗaya gefen dogarin ƙofa, ko taga da aka faɗaɗa ta zama mafita.

Yanzu sai dandamali, inda ainihin dukiyar take. Ɗora ma'auninka a daɓe daga gaba zuwa baya. Tsohon dandamali yana hawa a hankali, kuma a Ingila abin da aka saba shi ne 1 cikin 24, wato kimanin santimita 4 a kowace mita. In daɓen a miƙe yake amma ƙofofin gefe na baya sun fi na gaba tsayi daga ƙasa, to an daidaita shi ne daga baya. Share ƙura ka nemi dogayen tsage a katakon daɓe, biyu-biyu ko uku-uku a kowane gefe, ko da an cike su da sabon katako. Ta cikinsu ne sanduna ke fitowa riƙe da allunan zane. A ƙasa kowace sanda tana tsaye bisa ƙaramin amalanke mai tafiya a kan layi, igiyoyinsu duka sun taru a jikin wani dogon gungume a tsakiya. Da an juya gungumen, rabin allunan su shige ciki, rabi su fita, fada ta rikiɗe ta zama daji cikin 'yan daƙiƙoƙi a gaban 'yan kallo. Giacomo Torelli, mai tsara dandamali, shi ne ya shahara da wannan dabara a Venis tun shekarun 1640.

Wanda ke son ganinta tana aiki ya je gidan wasa na Drottningholm kusa da Stockholm a Sweden. An gina gidan a 1766. Bayan an kashe Sarki Gustav na Uku a 1792 aka yi watsi da shi, ya koma ɗakin ajiyar tarkace, har 1921 lokacin da wani masani, Agne Beijer, ya gane abin da ke kwance cikin ƙurar. Igiyoyi aka canza, aka sa fitilun lantarki masu kwaikwayon kyandir, injin katakon kuwa ya ci gaba da aiki. Český Krumlov a ƙasar Czech ma haka, na shekarun 1760 ne. A ganinmu wannan ne ya kamata ya canza wa mai bincike inda zai sa ƙafa: gidan da ke da kuɗi da 'yan kallo kullum cikin gyara yake, yana cire tsohon inji ya zubar, ƙaramin gidan da aka manta da shi a wani ƙaramin gari shi ne ya fi yiwuwa ya ajiye maka komai yadda yake. In ka hau sama kuma ka ga doguwar kwata ta katako ta gangaro cikin rufi, ba ta ruwa ba ce. Ƙwallaye masu nauyi ake gangarowa a ciki su ba da rugugin tsawa, kuma ta Bristol tana nan har yau.

Cikin rufi wuri ne mai hatsari, kada ka shiga kai kaɗai. Silin ɗin ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 filasta ce da aka rataya a jikin azara da ɗaurin tsumman buhu da aka tsoma cikin filasta. Ɗaurin yana ruɓewa ba tare da an gani daga ƙasa ba. Abin da ya jawo silin ɗin Apollo na Landan, ginin 1901, ya rufto kan 'yan kallo a Disamban 2013 ke nan. Taka katakon da aka shimfiɗa don tafiya kawai. Kada ka ja kowace igiya, domin a ɗaya bakin nata buhun yashi ko tubalin ƙarfe ne ke reto. Farin abin da aka naɗe tsohon bututu da shi, da tsohon labulen kariya, ɗauke su a matsayin asbestos, wani ma'adini da ƙurarsa ke cutar da huhu, kada ka kankare.

In an ba ka damar kai katako ga masu ƙirga zoben shekarun itace, zaɓi azarar da har yanzu take da gefen ɓawo, in ba haka ba shekarar da za su ba ka ta gaza ta sarewar itacen. Kuma duba ko akwai ramukan haɗi da babu komai a cikinsu, alamar cewa daga wani tsohon gini aka ciro ta. Ƙusa ɗaya ko azara ɗaya ba ta isa hujja ba, sai shaida iri uku sun yi daidai a wuri guda. Kafin ka bar ginin, ɗauki zanenka ka shafa wa kowane zamani launinsa, ka bar wurin da ba ka leƙa ba fari, sannan ka rubuta shekara a gefen kowane kashi tare da abin da ya nuna maka ita: ƙusa, takarda, ko layin bulo.